Cin Zali a Makarantunmu: A Fara da 'Yan Kallo

Tsakanin ƙarshen 2020 da farkon 2021, lokacin da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai a Ƙanƙara da Kagara da Jangebe, gwamnatin Kano ta rufe wasu makarantun da ke nesa da birni don gudun abin da ka je ya zo. Kudancin jihar na cikin yankunan da matakin ya shafa. An sallami ɗaliban Kwalejin Fasaha ta Bagauda a Bebeji, da na sakandaren Kafin Maiyaƙi a Ƙiru, da na kwalejin share fagen shiga jami'a da ke Tudun Wadar Ɗankadai. Dalilin a fili yake: dajin Falgore na nan kusa, kuma sai da rai ake karatu. Tun daga lokacin, in aka ce tsaron makaranta, abin da ke faɗo mana a rai shi ne katanga da ƙofa da maigadi da 'yan sintiri.

A watan Yulin 2025 sai ga wani labari daga Bichi. Ɗalibai biyu na sakandaren kwana ta gwamnati sun rasa rayukansu a cikin makaranta, kuma waɗanda ake zargi 'yan'uwansu ɗalibai ne da suka ɗauki doka a hannunsu da sunan hukunci. 'Yan sanda suka kama ɗalibai 11, ma'aikatar ilimi ta ba da umarnin bincike. Babu wanda ya tsallako katanga daga waje. Bichi tana arewacin jihar, amma tsarin rayuwar ɗakin kwanan ɗalibai a can bai bambanta da na Bebeji ko Ƙiru ko Tudun Wada ko Doguwa ba. Duk uban da ɗansa ke makarantar kwana a wannan yanki ya kamata ya karanta labarin a matsayin nasa.

A kowane aji, masu cin zali 'yan kaɗan ne, waɗanda aka sa wa ido ana musguna musu kullum su ma 'yan kaɗan ne. Sauran duka 'yan kallo ne: suna gani, wasu su yi dariya, wasu su kau da kai, wasu su ji zafin abin a zuci amma su ja bakinsu. A ganina waɗannan ne ya kamata koyarwarmu ta nufa. Ranar da matasan da ke kallo suka iya gane zalunci da sunansa, suka san abin da za su yi, suka kuma tabbata cewa manya za su tsaya musu, ranar ce kasuwar azzalumi za ta watse.

Yadda abin yake a aikace

Wanda ya yi makarantar kwana a arewa ba ya buƙatar dogon bayani. Yaro ɗan aji ɗaya ya iso da akwatinsa da bokitinsa, uwarsa ta haɗa masa garin kwaki da suga da ƙuli-ƙuli da ɗan yaji. Kafin mako ya zagayo ya san cewa bokitin nan na siniya ne, ruwan farko da zai ɗebo kafin asuba na siniya ne, wanki da guga da sharar kwana na wuyansa. In an raba abinci, naman da ke kwanonsa yana da mai shi. In ya yi gardama akwai tsallen kwaɗo da gwale-gwale da durƙuso a kan tsakuwa, akwai bel da wayar wuta bayan an kashe fitila. Duk wannan ana kiransa siniyoriti, ana faɗarsa da murmushi kamar wani ɓangare ne na manhaja.

Makarantun jeka-ka-dawo, waɗanda su ne mafiya yawa a ƙauyukanmu, nasu salon daban ne. Yaron da ke taka sayyada ko tuƙa keke daga wani ƙauye zuwa sakandaren da ke gari ya san kwanar da ake tare shi a karɓe kuɗin tara. Ya san wanda ke ɗaukar kekensa ba da izini ba ya dawo masa da shi a sace ko a karye. A tsakanin 'yan mata kuwa ba kasafai ake kai hannu ba, amma raunin ba ƙarami ba ne: a haɗa baki a daina yi wa yarinya magana, a tashi daga benci in ta zauna, a ƙulla mata sharri da wani malami ko wani saurayi, a mai da tabon jinin al'ada a jikin kayanta abin dariyar zango guda. Yarinyar da ta ce ta gaji da boko tana son aure, wani lokaci gudun aji take yi, ba ta da bakin faɗa.

Sai kuma sunaye. Kudancin Kano mahaɗar jama'a ce. Daga Kwanar Ɗangora zuwa Riruwai akwai Hausawa manoma, akwai Fulani makiyaya, akwai Kurama a ɓangaren Doguwa, akwai Musulmi akwai Kirista, akwai baƙin da noman shinkafa da masara ko haƙar ma'adinai suka kawo. Wannan arziki ne, amma a bakin yaron da ba a yi wa tarbiyyarsa ba yakan zama makami. Ɗan Fulani da ya baro ruga da ƙyar ya shiga aji sai a riƙa kiransa da sunan masu garkuwa da mutane. Ɗan Kirista a jefe shi da kalmar da kowa ya san zafinta. Mai in'ina a kwaikwaye shi duk sa'ad da malami ya ce ya yi karatu. Zabiya, da mai cutar sikila, da mai fitsarin kwance, da wanda rigarsa ta yage ubansa bai sayar da amfanin gona ba tukuna, kowa da laƙabin da aka manna masa. Yanzu ga waya ta shigo hannun matasa: abin da a da yake ƙarewa a bakin ƙofar makaranta yana bin yaro har ɗakin uwarsa ta WhatsApp da Facebook da TikTok.

Ba mu kaɗai ke fama ba. Rahoton da UNESCO ta fitar a 2019 ya nuna cewa kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya fuskanci cin zali daga 'yan'uwansa aƙalla sau ɗaya a watan da ya gabaci binciken, kuma a ƙasashen Afirka kudu da Sahara adadin ya kusa rabi. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF a 2014 ya gano cewa yara shida cikin goma a Najeriya suna fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18, kuma ƙalilan ne daga cikinsu ke samun taimako. Wannan ɓangare na ƙarshe ya fi tayar mini da hankali, domin yana nufin mafi yawan yaran suna haɗiye abin su kaɗai.

Tushen matsalar

Abu na farko, mu manya ne muka miƙa wa yara mulki ba tare da mun koya musu riƙonsa ba. A makarantar da malamai ba su wadata ba, wadda gidajen malamai suka lalace ko babu su, wadda mafi yawan malamanta ke komawa gari da zarar an tashi, wa ke riƙe da ɗaruruwan yara daga la'asar zuwa wayewar gari? Hedboi da firfet-firfet. Yaro ɗan shekara 17 aka ba shi ikon da ko babban mutum sai ya yi da gaske kafin ya riƙe shi da adalci, ba a zaunar da shi ko na yini ɗaya an nuna masa iyakarsa ba. Sau da yawa ma wanda ake jin tsoro ake zaɓa, domin shi zai iya tsawatarwa.

Na biyu, abin ya zama gado. Juniyan da aka gasa wa aya a hannu yana haƙuri ne da lissafin cewa watarana shi ma zai zama siniya. Ba zai rama a kan wanda ya cuce shi ba, domin wancan ya gama ya tafi. A kan yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba zai huce. Haka bashin ke tafiya daga aji zuwa aji, kowane rukuni yana ƙara nasa ruwan.

Na uku, yara suna kwaikwayon abin da suka gani. A watan Oktoban 2023 wani ɗalibi ya rasu a Zariya bayan dukan da aka yi masa a wata makarantar kuɗi da sunan horo, har gwamnatin Kaduna ta rufe makarantar. Malamin da ke shiga aji da dorina a hannu, yana zagin iyayen yara, yana ba ɗalibi bulala ya zane ɗan'uwansa, ya riga ya koyar da darasin da ya fi kowane darasi shiga: mai ƙarfi shi ke da gaskiya. Firfet ɗin da ya ga haka da safe zai maimaita shi da dare, ba tare da ko ɗan taka-tsantsan ɗin da malamin ke da shi ba.

Na huɗu shi ne shiru, kuma mu muka shuka shi. Yaro ya dawo hutu ya rame, ya buɗe baki zai yi magana, uba ya ce, "Kai, namiji ba ya raki, mu ma haka aka yi mana." Uwa ta ce, "Ka yi haƙuri, karatu sai da wuya." A makaranta kuma duk wanda ya kai ƙara sunansa munafuki, kuma dukan da zai sha a daren ya ninka na jiya. Ga nisa: uban da ke noma a wani ƙauyen Doguwa ba ya iya zuwa ziyara kowane wata, balle ya lura da canjin fuskar ɗansa. Yaro mai hankali da ya auna duk wannan zai ga shiru ya fi masa sauƙi.

Raba wasa da zalunci

Kariyar farko da mai cin zali ke fakewa da ita ita ce, "Wasa nake yi." Darasin farko ga matasa ke nan: su iya rarrabewa. Masanin halayyar ɗan'adam Dan Olweus, wanda ya jagoranci yaƙi da wannan ɗabi'a a Norwe bayan da wasu yara maza uku suka kashe kansu a farkon shekarun 1980, ya ba da alamomi uku da duniya ke amfani da su har yau: akwai nufin cutarwa, ana maimaitawa, kuma ƙarfin ɓangarorin biyu ba ɗaya ba ne. Ƙarfin nan zai iya zama na jiki, ko na shekaru, ko na yawan abokai, ko na kuɗi, ko na muƙami.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan ma'auni, domin al'adarmu ta daɗe da tsara wasa ta sa masa doka. Mutumin Ƙiru ko Tudun Wada, da yake maƙwabtaka da ƙasar Zazzau, ya san wasan Kanawa da Zagezagi tun yana yaro. Ya san wasan taubasai, da na jika da kaka, da na Fulani da Barebari. A duk waɗannan, wanda aka tsokana yana da cikakken 'yancin ramawa, su biyun suna dariya, kuma in abin ya taɓa zuciya ana dainawa a ba da haƙuri. Malami zai iya ɗaukar wannan ya ɗora darasinsa a kai, ya ba ɗalibai tambayoyi uku da za su riƙa yi wa kansu. Shin wanda ake yi wa yana dariya har zuci, ko yaƙe yake yi? Zai iya ramawa ba tare da tsoro ba? In ya ce a bari, ana bari? In amsar ɗaya daga ciki ta zama a'a, an fita daga wasa. Ɗan shekara 12 zai riƙe wannan, kuma zai iya auna siniya da shi, ya auna abokinsa, ya auna kansa.

Haka kuma a koya musu alamomin wanda ake cuta, domin abokinsa zai riga kowane malami gani: yaron da ya daina zuwa ɗakin cin abinci, wanda kayansa ke yawan ɓacewa, wanda kullum cikinsa ke ciwo in an zo komawa makaranta, wanda yake ƙoƙari a da yanzu ya koma ƙarshen aji, yarinyar da ke zaune ita kaɗai lokacin tara.

Ƙarfin da ke hannun masu kallo

A watan Afrilun 2024 wani bidiyo daga wata babbar makarantar kuɗi a Abuja ya karaɗe ƙasar nan: ɗaliba tana sharara wa 'yar'uwarta mari, ana yi mata tambayoyin wulaƙanci. Jama'a sun yi tir da mai marin, kuma ta cancanci haka. Amma a wurin akwai mai riƙe da waya yana ɗauka, akwai waɗanda ke tsaye. Domin su ake yin wasan. Mai cin zali yana neman suna ne da kwarjini a idon tsaransa, kuma dariyarsu ko shirunsu shi ne ladansa.

Bincike ya tabbatar da haka. A Kanada, masu bincike Debra Pepler da Wendy Craig da abokan aikinsu sun ɗauki bidiyon yara a filayen wasan makarantun Toronto, suka ga cewa a mafi yawan lokutan da ake cin zali akwai wasu yara a wurin, kuma in ɗaya daga cikinsu ya sa baki, fiye da rabin lokuta abin yana tsayawa cikin daƙiƙa goma. A ƙasar Finlan, shirin KiVa da Jami'ar Turku ta fara tsarawa a 2006 ƙarƙashin Christina Salmivalli ya ginu ne kacokan a kan wannan: a canza halin 'yan kallo, sai azzalumi ya rasa riba. Ba sai mun kwafo shirinsu da kwamfutocinsu ba. Hikimar da ke ciki ba ta buƙatar wutar lantarki.

Tana ma cikin abin da yaranmu ke karantawa a Islamiyya. Sun san labarin Hilful Fudul, yarjejeniyar da wasu mutanen Makka suka ƙulla a gidan Abdullahi ɗan Jud'an bayan da wani babban mutum ya danne haƙƙin wani baƙon ɗan kasuwa, suka yi alkawarin tsaya wa duk wanda aka zalunta har a mayar masa da haƙƙinsa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya halarta yana matashi, kuma ya yabe ta bayan an aiko shi. Sun san hadisin da ya umarci Musulmi ya taimaki ɗan'uwansa ko shi ke zalunci ko shi ake zalunta, aka bayyana cewa taimakon azzalumi shi ne a hana shi. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta haramta izgili da aibata juna da jifan juna da munanan laƙabi. Ɗalibai Kirista kuma sun san misalin Basamariyen da ya tsaya ya taimaki wanda aka yi wa rauni a hanya bayan wasu sun wuce shi. Abin da ya rage shi ne a sauko da waɗannan daga allo zuwa ɗakin kwana da bakin famfo.

Wa'azi kaɗai ba zai wadatar ba. Matashi yana buƙatar sanin takamaiman abin da zai yi a daidai lokacin da zuciyarsa ke bugawa. Mafi sauƙi shi ne ya ƙi ba da lada: kada ya yi dariya, kada ya ɗauki bidiyo, kada ya tura wa wani in an turo masa. In yana da hali kuma ba shi kaɗai ba ne, ya yi magana a taƙaice ba tare da zagi ba: "Haba, ya isa haka." In yana tsoro, ya raba hankali, ya kira wanda ake cuta ya ce ana nemansa, ya janye shi daga wurin. In abin ya kai ga duka ko makami, ya ruga ya kira babba nan take. Bayan komai ya lafa kuma ya je wurin wanda aka wulaƙanta ya zauna da shi, ya ce masa, "Abin da aka yi maka ba daidai ba ne, zo mu je tare mu faɗa." Wannan na ƙarshe ko mafi tsoron yara zai iya shi, kuma waɗanda suka sha wuya sun san darajarsa.

Irin wannan ba a koyonsa da kwafar rubutu daga allo. Sai an gwada. Makarantunmu suna da ƙungiyoyin wasan kwaikwayo da na muhawara, da ƙungiyar Hausa, da ƙungiyar ɗalibai Musulmi da ta ɗalibai Kirista. A ba su aikin shirya gajerun wasanni daga abin da suka sani, a tsayar da wasan a tsakiya a tambayi 'yan aji: kai da kake tsaye a nan, me za ka yi? A sa babban yaro ya fito a matsayin juniya, ya ɗanɗana. A kuma warware musu kullin nan na munafunci a fili. Mai tsegumi yana kai magana ne don ya jefa wani a wahala. Mai kai rahoton zalunci yana yi ne don ya fitar da wani daga wahala. Duk yaron da ya gane wannan bambanci an sauke masa babban nauyi.

Firfet, malami da uba

Zalunci ne a ce wa yaro ya yi magana alhali ba a tanadi kunnen da zai saurare shi ba. In ya kai ƙara aka kira siniyan a gabansa aka ce, "Wannan ya ce ka doke shi," sannan aka sallame su su koma ɗaki ɗaya, an kashe bakin makarantar gaba ɗaya. Don haka rabin aikin na manya ne.

A fara da firfet. Kafin a rataya wa ɗalibi muƙami a zaunar da shi a karanta masa abin da ya halatta gare shi da abin da ya haramta, a rubuce, ya sa hannu. Babu ɗalibin da ke da ikon dukan ɗalibi, ko hana shi abinci, ko tashinsa da dare, ko kafa kotu a ɗaki. Aikinsa ya rubuta suna ya kai wa malami. A ba ƙananan ɗalibai murya wajen zaɓen shugabanninsu, domin sun fi kowa sanin mai adalci. A kuma juya ma'anar girma: kowane siniya a damƙa masa ƙanana biyu ko uku amana, a auna shi da lafiyarsu da ƙoƙarinsu, a karrama wanda ya riƙe amanar a gaban taron makaranta kamar yadda ake karrama wanda ya zo na ɗaya.

Kowace makaranta tana buƙatar malami namiji da malama mace da ɗalibai suka amince da su, waɗanda kowa ya san su ake kai wa kuka, da akwatin ƙorafi a wurin da yaro zai jefa takarda ba a gan shi ba, wanda ake buɗewa a kan lokaci. Sau ɗaya a zango a raba wa ɗalibai takarda ba tare da suna ba, a tambaye su ko an cuce su, a ina, da wane lokaci. Amsoshin za su nuna wuraren da ido ba ya kaiwa: bayan banɗaki, bakin rijiyar burtsatse, layin abinci, ɗaki bayan kashe fitila, wata kwana a hanyar gida. Sai a kai ido can. A makarantar kwana kuwa babu abin da zai maye gurbin malamin da ke kwana kusa da ɗalibai yana zagayawa. Gyaran gidajen malamai da biyan alawus ɗin masu kula da ɗakunan kwana aikin tsaro ne, daidai da gina katanga.

Shi ma mai cin zalin yaro ne, kuma sau da yawa an taɓa yi masa. Zane shi a gaban asambuli yana tabbatar masa da darasin da muke son ya manta. A zaunar da shi, a kira iyayensa, ya biya abin da ya ƙwace, a sauke shi daga muƙami, a sa masa ido na makonni. In akwai shaye-shaye a ciki a nemi magani da wuri; cibiyar gyaran tarbiyya da gwamnatin jiha ta kafa a Ƙiru shaida ce cewa matsalar ƙwaya ba ta birni kaɗai ba ce. Amma abin da ya kai ga rauni mai tsanani, ko makami, ko lalata da yaro, ya wuce sulhun ofishin shugaban makaranta. Laifi ne da doka ta tanadar wa hukunci, kuma rufe shi don kare sunan makaranta cin amanar iyaye ne. Akwai cibiyar Waraka a Asibitin Murtala da ke Kano domin waɗanda aka yi wa fyaɗe, ya kamata kowane shugaban makaranta ya san da ita.

Iyaye kuma mu canza tambaya. Maimakon "Na nawa ka zo?" kaɗai, a ƙara da "Wa kake cin abinci da shi? Wa kake tsoro? Akwai wanda ake takura wa a ɗakinku?" Tambayar ƙarshen nan takan buɗe bakin yaro, domin ba da labarin wani ya fi sauƙi. In kuma aka ce ɗanka ne ke cutar wasu, kada ka taho makaranta da faɗa. Wanda ya gaya maka ya taimake ka tun icen yana ɗanye. Kwamitocin kula da makarantu na al'umma, da dagatai da masu unguwanni, da limamai da fastoci, su ne ke da iko da hanyar da ke tsakanin gida da makaranta, inda malami ba shi da ta cewa.

Masu cewa wuya ce ke gyara yaro

Akwai masu ganin cewa siniyoriti ne ya koya musu juriya da girmama na gaba, kuma in aka cire shi makaranta za ta lalace. Damuwarsu game da ladabi gaskiya ce, kuma babu mai hankalin da ke son makarantar da ƙarami ke raina babba. Shara da ɗiban ruwa da noman gonar makaranta, in an raba su da adalci a ƙarƙashin idon malami, tarbiyya ce mai kyau. Amma masu wannan magana su ne waɗanda suka tsallake. Ba a jin muryar wanda ya gudu daga makaranta a aji biyu ya koma gona ko ya tafi birni ga-ruwa, ko yarinyar da ta zaɓi aure a kan aji, ko wanda ya fita da kunne ɗaya. A yankin da ake roƙon iyaye su bar 'ya'yansu su kammala sakandare, kowane yaro da tsoro ya kora asara ce ga garinsu. Girmamawar da tsoro ya haifa kuma tana ƙarewa ranar da ƙaramin ya yi ƙarfi.

Dokoki ba su yi mana ƙaranci ba. Gwamnatin tarayya ta fitar da manufar tsaro da kawar da tashin hankali a makarantu a 2021, ta biyo da manufar yaƙi da cin zali a makarantu a 2025. Kano ta sami dokar kare yara a watan Mayun 2023, kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024. Abin da ake jira shi ne waɗannan takardu su bi hanyar Kwanar Ɗangora su isa Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa cikin harshen da ɗalibi da ubansa ke ji. Ina kira ga ma'aikatar ilimi da hukumomin da ke kula da sakandare su wajabta wa kowace makaranta horar da firfet kafin naɗi, da rubutacciyar hanyar kai ƙara, da rahoton kowane zango, kuma jami'an sa ido su riƙa ganawa da ƙananan ɗalibai su kaɗai in sun je ziyara.

Shugabannin makarantu kuwa ba sai sun jira takarda daga Kano ba. UNESCO ta ware Alhamis ta farko a watan Nuwamba a matsayin ranar yaƙi da cin zali a makarantu. Kowace sakandare a waɗannan ƙananan hukumomi huɗu za ta iya tara ɗalibanta a wannan rana, ta karanta musu iyakar ikon siniya, ta nuna musu malamin da za su je wurinsa, ta kuma yi musu alkawari a gaban iyayensu da dagacinsu cewa duk wanda ya yi magana don ceton ɗan'uwansa za a rufa masa asiri, a tsaya masa. Bayan nan sai a cika alkawarin a kan ƙara ta farko da ta zo, domin ita ce ɗalibai za su zuba wa ido su gani ko da gaske ake.